Maganar da Maza Ba Sa Ji

"Wannan na cikin waya namiji ne," in ji maƙwabciyata, ta juya fuska bango.

Ƙarfe bakwai na safe ne a Saint-Denis ta Faransa, can Ostireliya kuwa rana ta yi sanyi. Ina zaune bakin gadonta riƙe da wayar. 'Yarta Naomi, wadda ta zo daga Lyon tun da ciwon ya yi tsanani, ta dafe kai.

Ba zan faɗi sunanta ba. A wurin mutanenta, 'yan asalin Ostireliya, ba a kiran sunan wanda ya rasu. Aure ya kawo ta Faransa. Shekara goma sha tara ƙofarmu na kallon juna. Lokacin da na shiga makarantar manya ina da shekara hamsin, ita ke duba mini rubutu, tana cewa baƙaƙena kamar sawun kaza.

Danginta sun kai ƙara kotu a mayar musu da ƙasar kakanninsu, wadda masu kiwon shanu suka zagaye da shinge. Kotu ta ce su kawo shaida. Akwai wata rijiya cikin duwatsu, ita kaɗai ta rage da ta san waƙarta. Waƙar ce shaidarsu. Likita kuwa ya ce kwanaki ne suka rage mata.

"Mama, shi ne lauyanku," in ji Naomi. "Wata biyu aka yi ana shirya yau."

"Ko shugaban ƙasa ne. Waƙar ta mata ce."

Lauyan ya yi dogon Turanci. Naomi ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. "Tanti Zouera, ki yi mata magana mana."

Ni ba mai yawan magana ba ce. Na ce, "Babu mace a ofishinsu?"

Naomi ta fassara masa. Mutumin ya tashi, ya bar mu da kallon kujera. Muna cikin jira mijina Moussa ya turo ƙofa da kwanon kunu.

"Kai ma waje," in ji maƙwabciyata.

"Ni da na kawo kunu?"

"Ajiye kunun. Shi ba shi da kunne."

Ya ajiye ya fita yana dariya. Can sai wata mata mai furfura ta zauna a kujerar, ta yi gaisuwa da yarensu. Maƙwabciyata ta juyo a hankali, ta tambaye ta sunan uwarta da na kakarta. Sannan ta ce a ɗaga ta.

Na tallafe bayanta, Naomi ta karɓi wayar. Muryar ta fito siririya, tana tsayawa tana tashi. Ban gane ko kalma ɗaya ba, amma ina jin waƙar a tafin hannuna ta cikin haƙarƙarinta. Wani wurin sai ta tsaya ta sa Naomi ta maimaita har ta daidaita.

Da ta gama ta ce, "Yanzu a ba ni kunun."

Ranar Alhamis da hantsi ta cika.

Shari'ar ba ta ƙare ba, amma kotu ta karɓi shaidar, ta kuma ba matan izinin zuwa rijiyar. Da bazara Naomi ta aiko mini da bidiyo. Mata ne wajen ashirin a jere kan jar ƙasa, tana cikinsu, takalmanta a hannu. Wata ta durƙusa tana share ganye daga kan ruwan.