Shekarar da Mata Suka Yi Aski

Ni ne shugaban 'yan talla na wani kamfanin matsefan roba a garin Leominster, ga ni kuma da sanƙo tas. Haka na zagaye Amurka ina yabon abin da rabona da shi tun ina saurayi. Manyan matsefan ado muke yi, waɗanda mata ke sokawa a ƙullin gashi, kuma ana saye kamar a yi dambe.

Sai ga yayin aski ya shigo. Mata suka riƙa datse gashi iya kunne. Kantunan da a da ake ba ni kujera da sigari, yanzu ƙofa ake nuna mini. Mai kamfanin, Mista Burpee, wani tsoho mai gemu har ƙirji, ya ce ran Asabar zai rufe, kowa ya kama gabansa.

Ran Alhamis na dawo gida, na iske matata Aurore ita ma ta datse nata.

"Har da ke? Abincinmu fa kika bari a ƙasan shagon aski!"

"Yi mini shiru, Ovide. Mai gashi ne ke da bakin magana."

Tana juya miyar wake, gashin na zubo mata a ido, tana turewa yana dawowa. Da ta ƙule sai ta ɗauko wani karyayyen matsefi, ta tsoma shi a ruwan zafi ya yi laushi, ta lanƙwasa shi biyu, ta maƙale gashin da shi. Ya zauna daram.

"Girgiza kai!" na ce. "Ƙara! Wayyo, Aurore, ƙara!"

"Yau kuma me ka sha?"

Na fizge abin, na fita a guje ko hula babu. Na samu Mista Burpee a ofis yana tattara kayansa. Sai a lokacin na tuna ba ni da inda zan gwada masa.

"Yallaɓai, a gafarce ni," na ce, na damƙi gemunsa na maƙala. "Girgiza!"

"Ka haukace ne, Ovide?" Yana faɗa yana girgiza kai don fushi, abin ko motsi. Ya tsaya. Ya shafa. Ya sake girgizawa, a hankali.

"Robar matsefi ɗaya za ta fitar da irin wannan guda nawa?" ya tambaya.

"Kamar shida. Kuma kowace mace sai ta sa biyu, ta ɓatar da ɗaya!"

Ya leƙa taga ya ƙwala wa masu injin kira kada wanda ya kashe wuta, abin na nan a gemunsa.

Miyar dai ta ƙone. Aurore ta ce laifina ne.