Layin da Tegid Ya Koya Mini

Shekara arba'in da ɗaya na yi a ƙungiyar mawaƙan majami'armu ban san abin da ɗige-ɗigen takardar waƙa suke faɗi ba. Ina ɗan sha huɗu na bar makaranta na shiga aikin fasa dutse a bayan ƙauye. In na buɗe littafin waƙa, tsuntsaye nake gani jere a kan wayar lantarki, wasu da jela, wasu babu. Nakan shagala da kallonsu har a wuce shafi.

Kunne dai ina da shi. Na san ƙofar majami'a da butar shayina murya ɗaya suke kuka, sai dai ranar ruwa kukan ƙofar yakan sauka kaɗan. Kuma ina da Tegid Vaughan.

Tegid yana tsayawa a haguna, a layin baya, wurin masu kaurin murya. Tsohon akawun gidan waya ne, yana karanta takardar waƙa kamar wasiƙa, amma muryarsa ba ta wuce kafaɗar na gabansa. Ni kuwa in na buɗe baki gilashin taga sai ya yi rawa. Sai ya rera kusa da kunnena, ni in ɗauka in cika ɗakin, ina bin sa a baya da abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Yana ce mini Ganga, ina ce masa Sauro. Har matata Olwen ta rasu ba ta san wannan sirri ba.

Bara aka kawo mana sabuwar shugaba, Nesta Bevan, wadda ta karanci kiɗa a birni. Ta ce an gayyace mu babban cocin birni ranar Ista, kuma daga yanzu mutum ashirin da huɗu za ta riƙe, sauran su mayar da kwat ɗin ƙungiya. Masu kaurin murya mu bakwai ne, shida take so. Za ta saurari kowa shi kaɗai, da wata sabuwar waƙar tashin Almasihu. Sauran biyar ɗin duk sun fi mu ƙuruciya, amma ni ban tsaya na duba wannan ba.

Bayan mako biyu, muna tafiya gida da Tegid cikin yayyafi na ce, "Sauro, na shiga uku."

Ya ce, "Yaushe ka fara tunani, Ganga? Bar wa masu kai. Kai dai ɗora buta, gobe ina tafe."

Rana uku ya zo, bayan abincin rana. Yana zaune a kujerar Olwen, yana cin burodi mai zabibi, yana rerawa ina ɗauka. A tsakiyar waƙar akwai wani wuri da layinmu, wato sashen masu kaurin murya, yake hawa a hankali, taki-taki, ya ɗan tsaya a sama, sannan ya gangaro.

Na ce, "Wanda ya rubuta wannan ya san Allah."

Tegid ya duƙar da kai yana kakkaɓe ɓurɓushi daga wandonsa. "Maimaita. Hau, kada ka ji tsoro, ba rufin gida ba ne."

Na maimaita har ina yin sa cikin barci.

Ranar Asabar da safe na shiga ɗakin makarantar Lahadi, takarda a hannu kamar mai karatu. Nesta ta taɓa piyano na fara. Na ga tana murmushi. Da na zo wurin hawan sai ta ɗauke hannu.

"Mista Probert, mu koma baya kaɗan."

Muka koma. Na sake hawa, har na fi na farko.

"A nan murya ɗaya kuke riƙewa, layi biyu cur, ba motsi. Ina kuka samo wannan?"

Na ƙura wa takardar ido.

"Ku nuna mini da yatsa inda muke."

Na zaɓi wani tsuntsu mai kyakkyawar jela na ɗora yatsa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta kama yatsan a hankali ta kai shi ɗayan shafin. Ta ce muryata irin wadda ba a samu ce, amma waƙoƙin da za ta kawo nan gaba ba za su koyu da ka ba. Ban ambaci sunan kowa ba. A raina na ce idon Tegid ne ya tsufa, har ina jin tausayinsa, don shi ne mai shiga bayana.

Na tsaya a bakin ƙofa ina ɗaura maɓalli. Ta cikin katako na ji Tegid yana rerawa. Da ya zo wurin, ya kama murya ɗaya ya riƙe, siririya kamar zare, layi biyu, ko gezau.

Da ya fito ya same ni a nan.

Na ce, "Ka riƙe ta daidai."

"Idwal," ya ce. Rabon da ya kira ni da sunana tun ranar jana'izar Olwen. "Kai ko a bakin titi ka tsaya za a taru a ji ka. Ni in aka cire ni daga layin nan, wa zai san ina da murya?"

"Kwana nawa ka yi kana tsara shi?"

"Mako biyu. Sai da na tabbatar ba zai yi karo da piyano ba har ka gane."

"Ya yi daɗi."

"Na sani," ya ce, bai ɗago ba.

Ni aka cire. Ranar Litinin na goge kwat ɗin na kai.

Duk da haka ranar Ista na hau bas na tafi, na zauna a benci na biyu a babban cocin. Ginin yana mayar da sauti bayan numfashi uku, na ƙirga. Tegid yana layin baya, wani saurayi mai gemu a inda nake tsayawa. Da aka zo wurin, ban yi niyya ba, ƙirjina ne ya fara hawa, ƙasa-ƙasa. Amma ƙasa-ƙasa tawa ba irin ta mutane ba ce. Na ga kan Tegid ya karkata, na ga bakinsa ya bar muryar da aka ba shi ya biyo ni, taki ɗaya, taki biyu. Nesta ta ɗaga ido ta dube shi. Na rufe bakina, ya rage shi kaɗai a sama, a layin da ya tsara da kansa.

Washegari bayan abincin rana aka ƙwanƙwasa mini ƙofa sau uku, irin bugun Tegid. Ina tsaye a kicin, buta ta fara kuka. Na juya mata kunnen hagu, wanda yake rera mini a ciki, na bar ta tana yi har na ji takunsa ya gangara.