Kyauta Ta Ƙi Tashi Daga Kwanci

Ɗangoma ya tsufa bai taɓa sanin kaza tana da hali ba. A wurinsa kaji aikin mata ne, kamar daka da tankaɗe, shi nasa gero ne da jaki. Sai da matarsa Tanne ta rasu a bazarar bana, sannan ya lura cewa ta bar masa kaza guda ɗaya, wake-wake, wadda take kira Kyauta.

Kafin rasuwar, ciwon kaji ya ratsa ƙauyensu na kusa da Tabla, ya share zakarun unguwa kaf. Kyauta ta tsira, kuma ba ruwanta da wannan labari. Ta zuba ƙwanta a bayan randar Tanne, ta hau ta kwanta. Kowa ya san ƙwan da ba zakara ba ya ƙyanƙyasa, kowa ban da Kyauta. Lokaci ya zo ya wuce, ƙwai suka zama baragurbi. Hamida, matar ɗansa, ta kwashe su ta zubar. Da ta dawo sai ta tarar kazar ta jawo goruba da baki ta haye kansu. A fitar da ita ta koma, a zuba mata tsaba ta kau da kai. Zankonta ya koɗe, ƙirjinta ya zama ƙashi zalla.

Wata safiya Hamida ta durƙusa nesa da tabarmarsa, kanta a ƙasa, ta ce, "Baba, kazag ga mutuwa za ta yi. Ko a yanka ta tun da sauran nama?"

"Ba a yanka ta," in ji shi.

Ta ɗauki ƙwaryar kunun da ta kawo masa tun ɗazu, ya yi sanyi bai taɓa ba. Haka take ɗauka kullum tun da aka yi rasuwar. Shi da kazar dai ba wanda zai yi wa wani faɗa.

Ranar Lahadi ya sa babbar rigarsa ya nufi Filinge, inda ya ji an ce akwai butik mai sayar da abincin dabbobi da maganinsu, har da 'yan tsaki da ake kawowa daga Yamai. Tun daga bakin ƙofa ya ji kukansu. Suna cikin kwalaye masu huji, rawaya-rawaya, suna hawan juna, ba uwa ko ɗaya a wurin. Abin ya tsaya masa a rai.

Manzo, mai butik ɗin, ya dubi tsohon ya ce, "Baba, kana da hitila gida? Waɗanga inji ya ƙyanƙyashe su, ba su san uwa ba. Ɗumi suka so."

"Uwa gare ni gida. Ita ta rasa ɗiya."

Manzo yana zaɓa masa masu kuzari, shi kuwa idonsa yana kan wani da aka ware a murfin kwali kusa da ƙofa, rana tana dukansa, idonsa a rufe.

"Wancan fa?"

"Tun cikin mota anka taka shi. Ba ya kai gobe."

"To shi ne ka aje shi ga rana?"

Tsohon ya duƙa da ƙyar, ya tsoma yatsa a ruwa ya ɗiga masa a baki. Ɗan tsakon ya motsa maƙogwaro. Manzo ba mugu ba ne, aiki ne ya yi masa yawa har ya daina ganin ɗai-ɗai. Kunya ta kama shi, ya ce, "Ɗauke shi, Baba, Allah shi raya." Ɗangoma ya ɗauki kwalin sauran a hannu, wannan kuwa ya sa shi cikin aljihun ƙirji, ya riƙa leƙa shi har gida.

A nan ne ya yi kuskuren da macen ƙauyen ko ɗaya ba za ta yi ba. Da rana tsaka ya sa aka fito da Kyauta tsakar gida, ya juye mata 'yan tsakin a gaba kamar wanda ya kawo wa baƙo tuwo, ya ce, "To, ga ɗiyanki." Kazar ta kumbura, ta yi wani gurnani, ta kai sara. Kuma duk cikinsu ba ta sami kowa ba sai na aljihu. Jini ya fito masa a ka, ita kuwa ta ruga ta koma kan gorubarta.

Ɗangoma ya tattara su a cinyarsa ya zauna. Baƙin ciki ya cika shi, hawaye suka zubo, bai ma damu da wa ke kallo ba.

Hamida ba ta saba doguwar magana gaban surukinta ba, amma ranar ta yi. "Baba, ba haka Inna ka yi ba. Na ga ta yi da ɗiyan zabi. Sai magariba, in idon kaza ya bar gani. A shafe su da ƙaiƙayin da take kwance bisa, a zo ta baya, a zare goruba guda a sa ɗa guda. In ta ji motsi ƙarƙashinta, cewa za ta yi nata na."

Tun da aka fitar da Tanne bai taka cikin ɗakinta ba, iyakarsa bakin ƙofa. Bayan sallar magariba ya shiga. Ƙanshin turarenta yana nan a jikin komai. Ya kwanta rub da ciki a bayan randa, dattijo guda da gemunsa, ya cusa hannu ƙarƙashin kaza. Ya yi mamakin ɗumin da ya ji, duk da ramar da ta yi. Ya zare goruba, ya sa ɗa, ya zare, ya sa. Mai ciwon ya bari ƙarshe, ya tura shi can tsakiya. Kyauta ta ɗan ɗaga, ta gyara fiffike, ta lafa.

Da gari ya waye bai yarda ya leƙa ba, tsoro yake ji. Ya shimfiɗa tabarma ya zauna yana fuskantar ƙofar ɗakin. Hamida ta watsa tsaba, ta ajiye masa kunu, ta koma bakin murhu tana satar kallo.

Can sai ga Kyauta ta fito tana tangaɗi, ƙafafunta sun sage saboda daɗewa a kwance. 'Yan tsakin suna biye da ita. Ɗangoma ya duba bai ga na aljihu ba. Sai kazar ta tsaya, ta waiwaya, ta yi kira. Ga shi nan ya fito daga ƙarshe, da busasshen jini a ka, yana tafe yana faɗuwa. Ta jira shi har ya iso. Ta ɗauki ƙwayar tsaba ta ajiye a gabansa, ta sake ɗauka ta ajiye, har ya gane ya sa baki. Sannan ita ma ta duƙa ta fara ci, ci na gaske.

Ɗangoma ya daɗe yana kallonta. Ya goge ido da hannun riga, ya jawo ƙwaryar kunu, ya sha har ya ga gindinta.

"Hamida," ya ce, "akwai saura?"