Wai Mai Katifa Bai Mutu Ba

"Wallahi bai mutu ba," in ji Tela, yana taka keke ko kai bai ɗago ba. "Direban motar kaya ya gan shi a tasha, ya toshe fuska da baƙin tabarau."

Malama ta ajiye yadin da ta kawo ɗinki. Ta tsufa tana koyar da kimiyya, kuma a duniya ba abin da ta tsana kamar "an ce".

"Direban ya yi masa magana?"

"Daga nesa ya hango shi."

"Daga nesa, cikin tabarau, kuma ya gane shi? Ashe direban nan gara ya koma aikin likitan ido."

"Ke dai Malama sai tambaya kamar lauya. Mutumin da shagonsa ya ci wuta sau biyu, kowane karo kamfanin inshora ya biya? Ambaliyar nan fa? Duk layin nan ba wanda ya ga ko yayyafi, shi kaɗai aka yi wa damina da rani."

Wannan kam ba ƙarya. Kowa ya san tsarin Mai Katifa. Ana gab da gobara sai ka ga katifu masu kyau sun hau baro sun tafi ziyara, wuta ta zo ta tarar da tsummokaran soso. To, wannan karon ma ya kwashe shagon tas kafin ya tafi asibiti a garin da ɗansa ke aiki. Daga can aka bugo waya cewa ya cika, can aka binne shi. Ba wanda ya ga gawa a layin. Nan da nan aka yanke hukunci: katifu sun daina kawo riba, ya yi wa ransa inshora. Maza suka ƙi zaman gaisuwa kada a yi musu dariya ranar da ya dawo. Matarsa tana ɗaki ita kaɗai, ana kiranta abokiyar cin mushe.

Malama ba ta yarda da marigayin ba, in marigayi ne. Ya taɓa sayar mata da katifa mai warin hayaƙi, ya rantse mata ƙanshin sabunta ne. Amma Tela ma ba ta yarda da shi ba. Ta ɗauki sandarta ta tsallaka titi zuwa gidan Mai Katifa.

Ta samu matar a ƙasa, ta jingina da gado. Fanka a kashe, labule a sake, tabarmin da aka shimfiɗa wa baƙi ko ƙura ba a taka musu ba.

"Yaya, in leƙen ƙarƙashin gado kika zo, bismilla," in ji matar. "Ta jiya har durowa ta buɗe min, wai tsintsiya take nema."

"Gwiwata ba ta lanƙwasuwa. Tambaya na zo yi. Me ya sa ya kwashe shago?"

"Likita ne ya gaya masa gaskiya. Ya dawo ya ce min, 'Wannan karon a jikina wutar take, bari in fitar da masu kyau.' Ya kai su gidan ƙanina, kada 'yan'uwansa su riga ni."

"Inshorar ran fa?"

Matar ta yi wata gajeriyar dariya da ta ƙare a tari. "Har gida suka biyo shi suna roƙo. Ya ce Allah ya sawwaƙe, duk abin da ya yi wa inshora ba ya kai baɗi."

Malama ta danne murmushi. Amsa ta yi daɗi, amma daɗin amsa ba hujja ba ne, ɗalibai marasa karatu sun fi kowa iya ta. Ta bi ɗakin da kallo, daga rigunan da ke rataye zuwa rediyon da ke kan kujera. Duk mai gudu zai iya barin waɗannan.

Sai idonta ya kai bakin taga. Kofin gilashi ne da ruwa, a ciki haƙoran roba, sama da ƙasa. Ta san su sarai, har da na gaban nan da ya ɗan karkace. Mutumin da ko sallama aka yi masa sai ya sa su kafin ya amsa, wanda ko ranar gobara da su ya fito yana kuka.

"A leda asibiti suka ba ɗansa," in ji matar. "Kullum sai na canza ruwan. Ban san me ake yi da su ba, Yaya."

Malama ta jingine sandarta. Ta dafa gado, ta lanƙwasa gwiwar da kyar, ta zauna a tabarma kusa da ita. Ta kama hannunta ta yi mata gaisuwa yadda ake yi.

Labule ya motsa. Matar Tela ce, rabin fuskarta a ciki, idonta a ƙarƙashin gado.

"Shigo ki zauna," in ji Malama. "Ya mutu."