Bencin Tsakiya

"Baba, don girman Allah ka tashi, mutane na kallonmu!"

Valdecir ne ke magana ƙasa-ƙasa, amma ubansa, tsoho Anacleto, ko gezau. Yana kwance a miƙe cikin sabon jirgin ruwa na alminiyon a tsakiyar shago, hularsa a kan ƙirji. Ni maƙwabciyarsu ce. Garin rogo na kawo birnin Santarém in sayar, na biyo su shagon, sai ga ni cikin 'yan kallo.

Jirage biyu ne a jere, tsawo ɗaya, launi ɗaya. A tsakiya kawai suka bambanta. Wanda tsohon ke ciki, ana cire bencinsa na tsakiya a ajiye gefe. Ɗayan kuwa an kafe bencin da walda, an yi akwatin ƙanƙara a ƙarƙashinsa don kifi.

"Wannan ya yi," in ji Anacleto. "Mutum na miƙewa har ƙafa."

"Kifi za mu kama ko barci?" in ji Josimar, ƙaramin ɗansa.

Mai shago ya ƙyalƙyale da dariya. "Dattijo, in gado kake nema, mai katifa na gaba kaɗan."

Ni dai ban yi dariya ba. Daga ƙauyenmu zuwa asibiti tafiyar wuni ce a ruwa. Ranar da ciwo ya kayar da matarsa Firmina, jirgin aro aka sa ta, mai benci ko'ina. Tun daga mashigi take roƙon a kwantar da ita, babu wurin. A zaune ta cika, kanta a kafaɗarsa. Tun ranar, duk jirgin da Anacleto ya gani da bayansa yake auna shi. 'Ya'yan sun san haka sarai.

"Baba, kifinmu ruɓewa yake kafin mu kai kasuwa," in ji Valdecir. "Akwatin nan muke bukata."

"Jirgin iyali kuka ce za ku saya. Iyali kuwa ba kullum a zaune suke tafiya ba."

"Kai dai kullum maganar mutuwa."

Jirgi mai akwatin suka ɗauka. Ba zan ce ba su da hujja ba, kifin na ruɓewa ɗin. Amma ko su kalli fuskarsa lokacin da yake tashi daga cikin jirgin yana kakkaɓe wando, ba su yi ba. Har yau abin na ci mini rai.

Kogi na cika, wata safiya Anacleto ya faɗi yana ɗinkin komar kamun kifi, ɓarin jikinsa ya shanye. Suka ɗauko shi cikin ragar lilo da yake kwana a ciki, suka gangaro bakin ruwa. Aka sa kai cikin sabon jirgin, benci ya tare ƙugu. Aka juya shi, ƙafafu suka rasa wuri. Valdecir ya rarumo guduma ya dinga dukan bencin yana kuka. Waldar kirki ce, ko motsi ba ta yi ba.

Haka aka zaunar da shi a ƙasan jirgin, aka jingina shi da akwatin kifi, ni na riƙe shi. Josimar ya murɗa inji.

"Zenaide," tsohon ya kira sunana da karkataccen baki. "Bayana."

"Yi haƙuri, maƙwabci, mun kusa."

Ko rabi ba mu yi ba. Can na ji nauyinsa ya ƙaru a hannuna. Na ce wa Josimar ya rage gudu, babu sauran sauri.

Maƙabartarmu na kan tudu a ƙetaren kogi. Washegari aka kawo akwatin gawa bakin ruwa, shi ma ya ƙi shiga.

"Goggo, mu gitta shi a sama kawai," in ji Josimar.

"Ubanka ne, ba buhun gari ba."

Suka jawo tsohon kwalekwalensa na katako daga ƙarƙashin gida, wanda suka daɗe suna cewa a fasa a yi itacen girki. Akwatin ya kwanta a ciki daidai, har da sauran wuri wajen ƙafa. Aka ɗaure shi da igiya a bayan sabon jirgin, na shiga da ƙoƙo ina kwashe ruwan da ke yoyo.

A hankali muka ƙetara. Sabon jirgin na gabana cike da mutane, jikoki a kan cinya, wasu a tsugune. Bencin tsakiya na ta ƙyalli a rana da sawun guduma a jikinsa, babu wanda ya zauna a kai.