Littafin da Hajiya Kyauta Ta Tsinto a Makka

Duk unguwar nan ta Maigatari ba wanda bai san littafin Hajiya Kyauta ba. A bakin wani shago a Makka ta tsince shi shekarar da ta sauke farali, bangonsa ya cire, ciki Larabci zalla. Karatunta bai wuce ƙananan surori ba, amma ta san rubutun Larabci ba ya kwana a ƙasa. Ta naɗe shi a farin ƙyalle ta ɗora saman kabad. Shekara goma sha ɗaya sai da alwala take taɓa shi. Mai naƙuda a tura mata shi ƙarƙashin matashi, jariri a ɗora masa a ka ranar suna.

Kwatsam ɗanta Ya'u ya auro Hidaya daga Damagaram, ta tare da kwali guda na littattafai, na Faransanci masu labarin ɓarayi da 'yan sanda, da na soyayya bugun Kano. Hajiya ta kwashe ta kulle a ɗakinta. Ta ce Nasara da Kanawa ne ke ɓata takarda da ƙarya, Balarabe in ya ɗauki alƙalami sai zancen lahira. Don yarinyar ta ji kunya a bainar jama'a, ta tara matan unguwa, ta dama kunu, ta aika Gumel aka ɗauko Malama Halimatussa'adiya da ta yi karatu a Sudan, ta karanta musu littafin na gaskiya.

Malama ta yi bisimilla ta buɗe. Ta duba layi biyu, ta juya shafi, ta sake juyawa, sai ta nemi su keɓe da Hajiya. Hajiya ta ce ilimi ba a ɓoye shi, a faɗa kowa ya ji.

"To Hajiya, labarin soyayya ne. Wani likita ne a Masar ke son 'yar mai gidan da yake haya."

Ludayi ya suɓuce daga hannun Hajiya. Tsakar gida ta ɗau salati. Rakiyya mai ƙosai ta dafe ƙirji, haihuwa uku ta yi da likitan nan a ƙarƙashin kanta. Wata ta ce ashe shi ya sa Usaid ɗinta tun yana firamare yake rubuta wa 'yan mata wasiƙa.

"Malama, Larabawan ma?" in ji Hajiya.

Malama ta ce su ma mutane ne, a can irin wannan ya fi tafiya a kasuwa. Hidaya dai kanta na ƙasa, kafaɗunta na rawa saboda dariyar da take dannewa.

Kafin la'asar kwalin ya koma ɗakin Hidaya, ba wanda ya ga mai kai shi. Littafin kuwa, ba a ƙona Larabci, ba a kai shi bola, sai Malama ta ce za ta adana. An ce a motar Gumel ma ba ta rufe shi ba.