Farar Ƙurar Inabin Mama Munira

Ni fa ba baƙon kayan gwari ba ne. Shekara goma sha ɗaya na yi ina sayar da tumatir da mangwaro a kasuwar Maraɗi kafin in zo Riyadh tuƙin mota. Shi ya sa ranar da Mama Munira ta ce in je kasuwar Aziziya in sayo mata jan inabi kwali huɗu, har murmushi na yi. Inabi kuma? A raina na ce yau tsohuwar nan za ta san wa aka kawo mata.

Mama Munira ita ce mahaifiyar kafilina, Abu Rakan, mutumin da takardar zamana take hannunsa. Tsohuwa ce 'yar firit, amma bakinta ya fi barkono. Duk shekara in zafi ya tsaya, da hannunta take haɗa khal, wato ruwan tsamin da ake zubawa a abinci, na jan inabi a cikin tuluna, ta raba wa 'ya'ya da jikoki. Da kanta take zuwa kasuwa, sai bana gwiwa ta hana ta. Ni kuwa watana biyu kacal a gidan, iƙamata, wato takardar zaman tawa, saura kwana ashirin ta mutu, kuma Abu Rakan bai ce zai sabunta ba, bai ce ba zai sabunta ba. Iyalina na Maraɗi sun zuba ido, ban shirya komawa hannu rabbana ba.

Na je na zaɓo manya-manya, ɓul-ɓul da su. Da na iso gida a unguwar Naseem sai na ga duk jikinsu wata farar ƙura. Haba! A garinmu wa ya isa ya miƙa wa babba kaya da datti? Mangwaro ma sai ka wanke, ka goge da tsumma har ya ɗau ido. Na jawo tiyo a tsakar gida, na wanke su zangarniya bayan zangarniya, na bi da tawul. Awa biyu ina fama. Da na gama, wallahi sai ƙyalli suke kamar an shafa musu mai.

Mama ta fito tana dogara sanda. Ta dubi kwalayen, ta dube ni.

"Wa ya wanke?"

"Ni ne, Mama," na ce, har da dafa ƙirji.

"Ka kashe su."

Larabcina na kasuwa ne, amma wannan na ji shi sarai. Ta juya ta shige. Abu Rakan da ke tsaye bakin ƙofa ya kaɗa makullin motarsa ya ce, "Ya Hamissou, direban da inabi ya gagara, me zan yi da shi? Ƙila huruj ya fi maka." Huruj, wato takardar komawa gida ke nan. Haushi ya kama ni. Ni? A kore ni a kan inabi, a ce a Maraɗi ɗan gwari ne ya kasa sayen ɗan itace? Ina, ba za ta saɓu ba.

Na tsaya bakin labulen ɗakinta na ce, "Mama, sau ɗaya tak. Ki sake aikena."

Daga ciki ta ce, "Alhamis."

Washegari ina idar da sallar asuba na nufi Aziziya wurin Baba Buraima, wani dattijo ɗan Damagaram da ya shekara ashirin yana sauke kwalayen 'ya'yan itace a kasuwar. Na kwashe labari na faɗa masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai, mutanen Maraɗi! Komai sai kun yi masa wanka. Da za a ba ku dabino ma sai kun sa sabulu."

"Baba, yi dariyarka ka gama. Ni dai ba zan bar nan ba sai na sani."

Ya ga da gaske nake. Ya ɗauko zangarniya ɗaya ya ɗaga ta sama. "Wannan farin da ka goge ba datti ba ne, daga jikin inabin yake fitowa. Shi ke nuna hannu bai jagwalgwala shi ba. Masu yin khal na gida kuwa shi suke nema, shi ke tayar musu da tsami ba sai sun zuba komai na kanti ba. Ka wanke, ka bar mata ruwan zaƙi kawai."

Kwana uku ina zuwa. Ya koya mini in bar manyan nan masu cika ido, ruwa ne zalla. In nemi ƙanana masu duhu, masu ƙwallo a ciki. In duba karan, in kore ne ɗanye to jiya aka yanko, in ya bushe ya yi baƙi in wuce. In girgiza zangarniyar a hankali, in 'ya'yan suka zubo ta kwana biyu. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ɗanɗano. Sai ya sa ni in tauna ɓawon shi kaɗai, ya ce in ban ji ɗan bauri ya kama mini dasashi ba, khal ɗin ba zai yi launi ba. Na tauna ɓawon inabi har harshena ya yi kanta. Rana ta uku ya jera mini kwali biyar ya ce zaɓi. Na zaɓa. Bai yaba ba, ya dai ce, "To, ka fara zama mutum."

Ranar Alhamis na shigo gida da kwali huɗu, furu-furu da su, ko ɗaya ban taɓa da yatsa ba. Ina saukewa Abu Rakan ya fito zai tafi aiki, farar rigarsa sai ƙamshi. Ya leƙa kwali ya yatsine fuska.

"Wannan dattin za ka kai wa uwata? Yalla, wanke su."

Ashe shi ma bai sani ba! Shekara da shekaru yana cin khal ɗin, bai taɓa tambayar yadda ake yi ba, ranar nan ma faɗan uwarsa kawai ya ara ya yafa.

"Ba a wankewa, Baba."

"Me ka ce?"

"Ba a wankewa."

Mutumin da sa hannunsa kaɗai zai mayar da ni gida nake ce wa a'a. Ya harare ni, ya sunkuya ya ɗau tiyon da kansa, ya murɗe famfo. Ban san lokacin da na faɗa kan kwalayen ba. Na rungume su, na ba shi baya. Ruwan ya sauka a gadon bayana, da zafinsa na tankin da ya sha rana. Yana ihu in tashi, ni kuwa na ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan ɗaga ba.

"Rufe ruwan nan!"

Muryar Mama ce. Ruwa ya tsaya. Ta tako a hankali, ta zungure ni da sanda na matsa. Ta ɗaga zangarniya ɗaya, ta duba karan, ta girgiza, ba abin da ya faɗo. Ta tsinki ɗa guda ta tauna, ta daɗe tana juya ɓawon a baki.

Ta juya wurin ɗanta. "Shekara arba'in ina yin abin nan a gabanka, ba ka san ba a wankewa ba. Wannan kwana uku ya yi ya sani. Ka sabunta masa takarda yau, ba gobe ba. Baɗi ma shi zai je mini kasuwa."

Abu Rakan ya ajiye tiyo, ya ce wa uwar, "To, Yumma," ya yi waje ko waiwaye babu.

Hawaye suka cika mini ido, na buɗe baki zan yi godiya. Mama ta ɗaga sanda ta nuna mini bango.

"Kai kuma matsa can. Kana ɗiga a kan inabina."